Daga baka mai gargare zuwa rikaf: wane baka da waɗanne kibau suka dace da mai farawa?

Maharbin da ya daɗe yana farauta da baka mai gargare, irin wanda ake kira kompawun, yakan zo wa rikaf, wato baka mai lanƙwasassun kunnuwa marar gargare, da tunanin cewa harbi dai ya riga ya iya, abin da ya rage shi ne sauya makami. Wannan tunani ne ke kai mutane da yawa ga sayen bakan da ya fi ƙarfinsu, su yi fama da shi wata biyu ko uku, kafaɗa ta yi tsami, kibau su riƙa watsewa, daga nan su rataye shi su koma inda suka fito. Iya sanɗa, da sanin iska, da sanin inda ake harbin dabba ta faɗi da wuri, duk suna bin mutum zuwa sabon baka. Amma ƙarfin ja da tsarin saki ba sa binsa, kuma a kan waɗannan biyun ya kamata a gina zaɓin kayan farko.

Dalilin yana cikin yadda aka ƙera bakunkunan biyu. Baka mai gargare sabon shiga ne, domin Holless Wilbur Allen na jihar Missouri a Amurka ne ya nemi rajistar ƙirƙirarsa a 1966, aka ba shi a 1969, alhali baka mai lanƙwasassun kunnuwa ya shafe dubban shekaru a hannun mahayan dawakin Asiya. Hikimar Allen ita ce gargaren da ke ƙarshen rassan baka su sa nauyin ja ya kai ƙololuwarsa a tsakiyar hanya, sannan ya faɗi warwas idan tsirkiya ta iso fuska. A bakunkunan yau abin da ke raguwa yakan kai kashi 65 zuwa 90 cikin 100. Ke nan wanda yake alfahari da jan laba 70, wato kusan kilo 32, idan ragin bakansa kashi 80 ne, laba 14 kacal yake riƙewa a lokacin da yake saiti, kuma ba da yatsu yake riƙe ta ba, na'urar saki ce mai kunama ɗaure a wuyan hannunsa. Rikaf ba ya rage wa kowa komai. Nauyinsa ƙaruwa yake yi da kowane inci, ya fi tsanani daidai lokacin da ake buƙatar natsuwa, don haka rikaf mai laba 45 yana ɗora wa yatsu uku fiye da ninki uku na abin da wancan maharbi ya saba riƙewa.

Akwai abu na biyu da gargaren ke yi wa mutum ba tare da ya lura ba. Idan ya ja tsirkiya har ƙarshe, sai ta tsaya cak kamar ta ci karo da bango, kowane harbi a tsawo ɗaya. Rikaf ba shi da wannan iyaka, maharbi ne zai kafa ta da jikinsa, ta hanyar kai yatsa wuri ɗaya a fuska kowane lokaci, galibi a gefen baki, tare da ja da tsokar baya maimakon ta damtse. Kowane inci da ya gaza ko ya wuce yana sauya nauyin da kusan laba 2 zuwa 3, kibiya kuma ta nuna hakan a kan allo nan take. Wanda bakansa ya yi masa nauyi ba ya iya tsayawa a wannan matsaya ko na daƙiƙa biyu, sai ya fara sakin tsirkiya kafin ta iso fuska, kuma wannan ɗabi'a idan ta kama mutum, cire ta ya fi koyon harbin daga farko wahala. Na fi jin tsoron wannan illa a kan ciwon kafaɗa, saboda ciwo yana warkewa da hutu, ita kuwa tana iya bin maharbi shekaru.

Saboda haka nauyin farko da nake ganin ya dace da namiji mai lafiya, komai ƙarfin da yake ja a baka mai gargare, shi ne laba 30 zuwa 35, mai ƙaramin jiki ko mace kuwa laba 25 ko ƙasa da haka kaɗan. Mutum zai ji kamar an rage masa daraja, amma ja da baya ga rago ba tsoro ba ne. Gwajin da ke raba gardama mai sauƙi ne: a ja baka har matsaya, a riƙe shi daƙiƙa 10 ba tare da hannu ya yi rawa ba, a mayar da tsirkiya a hankali, a maimaita sau da yawa. Idan jiki ya fara karkarwa tun a na biyu ko na uku, bakan ba na koyo ba ne. A kuma tuna cewa lambar da aka rubuta a reshen rikaf nauyinsa ce a jan inci 28. Mai jan inci 30 zai riƙe laba 4 zuwa 6 fiye da abin da aka rubuta, mai jan inci 26 kuwa zai samu ƙasa da shi. Haka nan tsawon jan da mutum ya sani a baka mai gargare yakan ragu da inci ɗaya ko fiye idan ya koma ja da yatsu, don haka sai a auna shi sabo a kan rikaf mai sauƙi kafin a sayi komai.

Wannan ne ya kawo mu ga babban zaɓi, wato tsakanin baka mai jiki ɗaya, da baka mai ɓalle-ɓalle na ƙusa, da kuma na tsarin ILF, wato mai ɓalle-ɓalle da mahaɗar rassansa ke bin ma'auni ɗaya a kamfanoni da yawa.

Baka mai jiki ɗaya shi ne wanda ke jan hankalin yawancin masu sauya sheƙa tun farko. Misalinsa da kowa ya sani shi ne Grizzly mai tsawon inci 58, na kamfanin da Fred Bear ya kafa. Ba shi da nauyi a hannu, ba shi da ƙusa ko mahaɗar da za ta yi ƙara, kuma kyawun katakonsa ba a magana. Matsalarsa ga mai koyo ɗaya ce, amma babba ce: nauyin jan da ka saya shi ne nauyin da za ka zauna da shi. Idan ka ɗauki mai laba 30 don koyo, dole ka sayi wani sabo gaba ɗaya ranar da ka shirya farauta, idan kuma ka ɗauki mai laba 50 don guje wa saye biyu, ka faɗa ramin da aka yi bayani a sama. Rashin nauyinsa ma, wanda yake daɗi a doguwar tafiya a daji, yana sa kowane ƙaramin motsin hannu ya bayyana a harbi. A ganina wannan baka na biyu ne ko na uku, na wanda ya riga ya san nauyi da tsawo da irin mariƙin da suka dace da shi.

Baka mai ɓalle-ɓalle gida uku ne, mariƙi da rassa biyu da ake ɗaurewa da ƙusa. Samick Sage mai tsawon inci 62 shi ne ya fi shahara a wannan aji, kuma ana samun rassansa tun daga laba 25 har zuwa nauyin farauta, hawa-hawa na laba 5. Amfaninsa a fili yake: mariƙin da hannu ya saba da shi yana nan, rassa kawai ake sauyawa idan ƙarfi ya ƙaru, kuma rassan sun fi sabon baka araha nesa ba kusa ba. Tsofaffin rassa masu sauƙi ma ba asara ba ne, domin duk lokacin da harbi ya lalace, komawa gare su na mako guda shi ne magani mafi sauri. Aibinsa shi ne kowane kamfani da nasa ma'aunin ƙusa, rassan wani ba lallai su hau mariƙin wani ba, sannan masu arahar cikinsu sukan yi tauri kwatsam idan ja ya wuce inci 29 ko makamancin haka.

Tsarin ILF ya samo asali ne daga mahaɗar da Earl Hoyt ya ƙirƙiro wa bakunkunan gasa a shekarun 1980, daga baya kamfanoni da yawa suka bi ma'auninta. Sakamakon haka shi ne rassan wani kamfani suna shiga mariƙin wani, kuma ana iya ƙara ko rage nauyi kaɗan ta juya ƙusar mahaɗa. Mariƙan farauta na wannan tsari gajeru ne, galibi inci 17 zuwa 21, da yawansu na alminiyum ne, suna da ramukan ɗaura mazaunin kibiya da kwari. Ga wanda ya fito daga baka mai gargare, wannan shi ne zai fi masa kama da gida, saboda nauyin mariƙin ƙarfe a hannu da siririn wuyansa abubuwa ne da ya saba da su, kuma dama shi mutum ne da ya saba kunce-kunce da daidaita kaya. Sai dai nan ma haɗarin yake. Yawan abubuwan juyawa yana sa mai koyo ya ɗora wa baka laifin da yake na hannunsa, ya wuni yana murɗa ƙusa maimakon harbi. Idan mutum ya tabbata zai daɗe a wannan hanya kuma aljihunsa zai ɗauka, ILF da rassa masu arha na laba 30 shi ne zaɓin da ba zai yi da-na-sani ba. Idan kuwa gwaji yake yi don ya ga ko abin zai karɓe shi, mai ƙusa irin Sage ya isa, kuma an kashe manyan dabbobi da irinsa ba adadi.

Game da tsawon baka, mai farauta yakan so gajere don kada ya riƙa maƙalewa a reshe ko ya bugi rufin maɓoya. Amma gajeren rikaf yana matse yatsu, saboda kusurwar tsirkiya takan yi tsini a cikakken ja, kuma matsattsun yatsu ba sa saki da tsabta. Mai jan inci 28 zai ji daɗin inci 60 zuwa 62, mai jan inci 29 zuwa sama ya nemi 62 zuwa 64, inci 58 kuwa a bar wa masu gajeren ja.

Inda ya fi cancanta a kashe kuɗi da lokaci shi ne kibau, kuma nan ne tsohon mai baka mai gargare ya fi yin kuskure, don yakan ɗauko waɗanda suke cikin kwarinsa ya ɗana. Ba za su tashi daidai ba, saboda dalilai biyu. Na farko tauri ne. Ana auna taurin kibiyar kabon ko alminiyum ta ɗora ta a kan madogarai biyu masu tazarar inci 28, a rataya mata nauyin giram 880 a tsakiya, a ga yawan lanƙwasawarta. Wadda ta lanƙwasa rabin inci ita ce mai lamba 500, don haka ƙaramar lamba tana nufin ƙarin tauri. Baka mai gargare na laba 70 yakan so 340 ko 300, alhali rikaf na laba 30 zuwa 35 galibi yana son 600 ko 700, na laba 40 zuwa 45 kuma wajen 500, gwargwadon tsawon kibiya da nauyin tsininta. Abin da ya sa tauri ya fi muhimmanci a rikaf shi ne tsirkiya ba ta fita a miƙe daga yatsu, takan zame gefe kaɗan, kibiyar ta lanƙwasa ta kewaye mariƙi tana kaɗawa kafin ta miƙe a iska. Idan ta yi tauri da yawa ba za ta kewaye ba, ga mai harbi da dama sai ta karkata hagu, idan kuma ta yi laushi da yawa ta karkata dama.

Dalili na biyu shi ne fikafikan gindin kibiya. Na roba da ake amfani da su a baka mai gargare suna dukan ɗan dakalin mariƙi da kibiya ke kwanciya a kai, su harba gindinta gefe. Gashin tsuntsu kuwa kwanciya yake yi idan ya taɓa dakalin ya wuce lafiya, don haka duk mai harbi daga kan dakali gashi zai nema, mai tsawon inci 4 ko 5. Wanda ya fi son roba saboda ruwan sama sai ya manna ɗan mazaunin kibiya da ke ɗaga ta sama da dakali.

Shawarata ita ce a sayi kibau shida na kabon da cikakken tsawonsu, kada a yi gaggawar yanke su, tare da tsinin atisaye masu nauyi daban-daban, misali giren 100 da 125 da 145 da 175 (giren ƙaramin ma'aunin nauyi ne, wajen 15 ke yin giram ɗaya). Ƙara nauyin tsini yana sa kibiya ta yi kamar ta fi laushi, rage tsawonta kuma yana sa ta yi kamar ta fi tauri, da waɗannan biyun ake daidaita ta. Akwai gwajin da ake yi da kibiya marar gashi, a harba ta tare da masu gashi daga yadi 10 zuwa 15 a ga inda ta faɗa dabam da su, amma gwajin ba ya faɗin gaskiya sai sakin mutum ya daidaita, don haka a jinkirta shi zuwa bayan watannin farko. Kibiyar katako tana da daɗin gani da daɗin harbi, sai dai ba ta jure kuskure, ga shi kuma sai an tantance kowace ɗaya, mai koyo bai buƙaci wannan ƙarin aiki ba.

Batun nauyin kibiya ma ya juya. A baka mai gargare ana bin gudu, har ana sauka zuwa giren 5 ko 6 ga kowace laba. A rikaf ana neman giren 9 zuwa 12 ga kowace laba, wato baka mai laba 45 ya samu kibiyar da ta kai giren 405 zuwa 540, kusan giram 26 zuwa 35. Kibiya mai nauyi tana kwashe mafi yawan ƙarfin baka, tana rage ƙara da girgiza, kuma tana ratsa jiki fiye da mai sauƙi, kibiya marar nauyi sosai kuwa tana iya lalata rassa kamar an saki tsirkiya ba kibiya. Kan farauta, wato tsinin kibiya mai kaifi da ake farauta da shi, irin mai buɗewa idan ya bugi dabba, wanda ya yi suna a wajen masu baka mai gargare, bai dace da rikaf ba, domin buɗewar tana cinye ƙarfin da dama bai yi yawa ba. Abin da ya dace shi ne kai mai kaifi biyu tsayayye, wanda yake yanka tun daga tsininsa, mai nauyin giren 125 zuwa 200, a wasa shi har ya iya aske gashin hannu.

Tsakanin safar harbi mai yatsu uku da 'yar fatar da ake rufe yatsu da ita, masu farauta da yawa sun fi son safa don ba ta faɗuwa kuma tana barin hannu ya yi wasu ayyuka, amma fatar tana ba da saki mafi santsi, kuma ita nake fifitawa ga mai koyo. Riƙon tsirkiya iri biyu ne: yatsa ɗaya a sama da kibiya biyu a ƙasa, ko duka ukun a ƙasa. Na biyun yana kawo kibiya kusa da ido, wanda hakan ke sauƙaƙa saiti a gajeren zango. Wannan yana da alaƙa da tambayar da ta fi damun wanda ya saba da allurar saiti da ke jikin baka mai gargare da zoben leƙe da ke cikin tsirkiyarsa: da me zan auna? Akwai masu kallon wurin da suke so kawai su saki, jiki ya koyi sauran ta yawan maimaitawa, hanya ce ta gaskiya amma tana cin dubban harbi. Akwai kuma masu amfani da tsinin kibiya a matsayin allura, su san tazarar da za su bari tsakaninsa da abin hari a kowane zango. Ga wanda ƙwaƙwalwarsa ta saba da allura, wannan hanya ta biyu ta fi kusa, kuma ba ta rage wa harbinsa asali ko kaɗan, ko da wasu sun ce ba haka ba.

Sauran ƙananan kaya ba su buƙatar dogon nazari. Igiyar ɗana baka wajibi ce, domin ɗana rikaf ta taka shi da ƙafa yana murɗe rassa. Makarin hannu yana kare fata daga dukan tsirkiya. Ana buƙatar ma'auni don duba tazarar tsirkiya da wuyan mariƙi, wadda a yawancin rikaf ɗin farauta take tsakanin inci 7 da 8 da rabi, ana kuma gyara ta da murɗa tsirkiya ko warware ta har ƙara ta ragu. Alamar gindin kibiya a kan tsirkiya a fara sa ta wajen rabin inci sama da layin dakali. Wanda ya sayi tsohon baka ya yi hattara da tsirkiyar zamani marar miƙewa, domin tana iya tsaga kunnuwan da ba a ƙarfafa su ba, irin wannan baka tsirkiyar Dacron yake so. Kada kuma a bar rikaf a cikin mota a rana, zafi yana sassauta gam ɗin da ya haɗa katako da faiba.

Abin da ya fi wuyar karɓa ga mai sauya baka ba kaya ba ne, zango ne. Kibiyar farauta daga baka mai gargare takan yi wajen ƙafa 280 a daƙiƙa, ta rikaf kuwa wajen 160 zuwa 190. A yadi 20, ta farko tana isa cikin kusan kashi ɗaya cikin biyar na daƙiƙa, mai gudun ƙafa 170 kuwa sai ta ɗauki fiye da sulusin daƙiƙa, alhali ƙarar baka ta riga ta isa kunnen dabba tun da wuri, kuma dabba mai zafin nama irin barewa tana iya duƙawa a wannan ɗan lokaci. Faɗuwar kibiyar ma ta fi yawa: a lissafi mai sauƙi, mai gudun ƙafa 170 tana sauka kusan ƙafa 2 daga layin da aka harba ta a yadi 20, amma a yadi 30 ta haura ƙafa 4, don haka kuskuren ƙiyasin yadi 3 ko 4 ya isa ya mayar da harbin huhu ya zama raunin da dabba za ta tafi da shi ta wahala. Wanda ya saba harbi daga yadi 35 ko 40 zai koma yadi 15 zuwa 20, kuma hakan yana nufin sauya wurin kwanto, da ƙara kula da iska, da koyon ja a daidai lokacin da dabba ta kau da kai, tun da ba zai iya ja tun daga nesa ya riƙe minti guda yana jira ba. Abin da rikaf ke bayarwa a madadin haka shi ne saurin ɗanawa da saki, da iya karkata baka a harba a durƙushe ko a ƙarƙashin reshe, da kuma kayan da mutum zai iya gyarawa da kansa a daji ba tare da injin matse baka ba.

Kafin a fita farauta sai a duba dokar wurin, domin ta bambanta ƙwarai. Birtaniya ta haramta farauta da baka gaba ɗaya, Faransa ta halatta ta a 1995 bisa sharaɗin horo, jihohin Amurka da yawa kuma sun kafa mafi ƙarancin nauyin ja, galibi tsakanin laba 30 da 40 ga dabba mai girman barewa. A aikace laba 40 zuwa 45 a tsawon jan mutum, da kibiya mai nauyi da kai mai kaifi, sun isa irin wannan dabba. Hawa daga laba 30 zuwa can a yi shi da laba 5, ko 10 idan jiki ya amince, kuma kada a sayar da baka mai gargare tukuna, a ci gaba da farauta da shi a kakar farko yayin da ake koyon rikaf a gida. Ranar da za a ɗauki rikaf zuwa daji ita ce ranar da kibiyar farko, wadda aka harba ba tare da ɗumama jiki ba, da kan farauta a bakinta, cikin tufafin da za a sa a dajin, take faɗawa cikin da'ira mai faɗin inci 8 kusan kowane lokaci. Zangon da hakan ke tabbata, ko da yadi 12 ne, shi ne iyakar harbin mutum a wannan kaka.